Sunan da Saude Ba Ta Taɓa Kira Ba

Kafin Saude ta fito daga madafi, Iya, uwar mijinta, ta riga ta kwance ƙullin kayan. Tana tsugune a tsakar gida, ta baje tufafin yaran a kan tabarma tana raba su gida biyu, na jinjiri nan, na yarinya can.

"Wanga zanen nata ne? Da wagga 'yar rigar?" Ta ɗaga su ba tare da ta dubi surukarta ba.

Saude ta tsaya da muciya a hannu. Kwana bakwai suka rage jirgi ya ɗauke su. Kamfanin gyaɗar da mijinta Yusha'u yake tuƙa wa babbar mota a Gusau ya mayar da shi Kumasi, can ƙasar Gwalkwas, ita kuwa wata guda ke nan tana wanki da ɗinki da ɗaurin kaya na mutum huɗu: ita, da shi, da Tukur da ke goye, da yarinyar, Lantana, mai shekara huɗu.

"Nata ne, Iya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Nahuce za ni da ita. Ku ku tafi uwa duniya, ita tana wurina."

Lantana ɗiyar fari ce. Tun ranar suna bakin Saude bai taɓa furta sunan nan ba, ba ta taɓa ɗaukar ta a gaban surukai ba, in an yabi yarinyar ma sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. "Ke" take ce mata, in ta matsa ta ce "yarinyar nan". To wadda ba ta iya kiran sunan ɗiya, da wane baki za ta ce kada a tafi da ita?

Lantana ta shigo da gudu daga zaure, hannu duk ƙasa.

"Zo nan, ƙawata," in ji Iya. "Mu tafi ƙauye ki ci ɗanyar gyaɗa har ki ƙi."

Yarinyar ta dubi uwarta tana jiran ta ji. Saude ta dubi tukunya. Abin da ta iya yi kawai, da Iya ta shiga bayan gida, ta ɗauko ɗan ƙoƙon da yarinyar take shan kunu da shi, mai tsaguwa a baki, ta cusa cikin ƙullin. Tuwon ranar nan ya kama, ba wanda ya ci.

Da azahar Yusha'u ya dawo yana goge baƙin mai a hannunsa. Ta bari ya sha ruwa tukuna.

"Malam, an tafi da yarinyar."

"Na sani. Na gamu da su a tashar mota, ni na sama musu wurin zama a gaba."

"To mi kac ce mata?"

"Mi zan ce? Uwata ce fa, Saude. Wallahi ni ma yau nij ji, kamar yadda kinka ji." Ya zauna a kan turmi yana cire takalmi. "Kuma in kin duba, gata aka yi mata. Ƙasar nan da za mu, damina ba ta ƙarewa, sauronsu kamar 'yan tsaki. Ruwan can ba ya karɓar yara."

"Tukur fa? Shi ba yaro ba ne?"

"Shi nono yake sha. Shekara guda ce, in na samu hutu mu zo mu gan ta. Ba ni abinci."

Washegari Ladidi maƙwabciya, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, ta shigo taya ta dakan garin tafiya. Ladidi ba ta da kaico a baki.

"Ke ma dai kin huta. Kwana biyu cikin jirgin ƙasa zuwa Ikko, sannan a ɗora ku kan teku, da yara biyu? Da kin sauka Kumasi kina kama da tsinken tsire." Ta ɗaga taɓarya, idonta ya faɗa kan ɓawon lambar rigakafi da ke damtsen Saude. "Lambarki ta kama da kyau. Maigidana ya ce ko kaza ba a bari ta hau jirgin ruwa in ba a tsaga mata lamba ba. Da an yi wa Lantana a banza, an sa ta kukan wofi."

"Ba a yi mata ba," in ji Saude.

Tana faɗa sai taɓaryar ta yi mata nauyi. Mako uku da suka wuce, ranar da za a kai su asibiti, ta yi wa yarinyar wanka, ta shafe ta da man gyaɗa, ta sa mata kwalli. A bakin zaure Yusha'u ya ce a bar ta wurin Ladidi, wai yana jin tana mura, a yi mata daga baya. Yarinyar ko atishawa ba ta yi ba ranar.

Da la'asar ta tare shi, a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, tun ranar lamba ka sani."

Bai musa ba. Yana ta wasa da makullin mota.

"To in na faɗa miki tun sannan, mi zai ƙaru? Da kin yi wata guda kina jiƙa mini tabarma da hawaye. Rage miki na yi."

"Ka yi rantsuwa jiya."

"Kada ki ɗaga mini murya a kan ɗiyar fari, ba a san gidanku da haka ba."

Ya tashi ya fita masallaci.

Ranar Asabar aka kai ta Tsafe sallamar iyayenta. Tun daga kan mota take tsara maganar da za ta yi. Ta sami Inna ita kaɗai a ɗaki tana kaɗi, ta zauna kusa da ita, ta faɗa mata komai, har da zancen lamba. Inna ba ta tsayar da mazarin ba.

"To sai mi? A kanki anka fara? Yayanki Idris, ranar da anka yaye shi dangin ubanku sunka ɗauke shi sai Wanke. Ban ƙara sa shi a ido ba sai da yaf fara gemu. Ga ni nan ban mutu ba."

"Inna, ya san ki?"

"Yana zuwa gaisuwa duk Sallah."

"Da mi yake kiranki?"

Zaren ya tsinke. Inna ta daɗe tana neman bakinsa da yatsu.

"Hanatu yake ce mini," ta ce. Sai ta ɗaure fuska. "Ke dai ki kama bakinki. Kada a ce ɗiyar gidan ga ta yi fitsara a kan ta fari, ƙannenki uku ba su yi aure ba. Tashi ki gaida ubanki."

Saude ta fito daga Tsafe da kwandon daddawa da kuka, da albarka mai yawa, ba ta samo ko mutum ɗaya ba. Daga ranar abinci ya daina wuce mata. Nono ya fara janyewa, Tukur yana kama yana saki yana tsala kuka. In ta share tsakar gida sai ta kewaye wani lungu inda yarinyar ta jera gwangwanaye da tsakuwa tana wasan girki. Yusha'u ya lura, ya sa ƙafa ya watsar da su, ya ce ana tara wa kunama wuri.

Litinin suka tafi Nahuce sallamar Iya. Gida cike da mata, an ji matar Yusha'u za ta ƙetare teku, kowa yana so ya ga fuskar wadda za ta yi wannan kasada. Saude tana durƙushe tana gaisuwa, idonta yana yawo. Can bayan rumbu ta hango yarinyar, an zaunar da ita cikin rana da kara a hannu tana gadin shanyar barkono kada awaki su ci. Kwana biyar kacal, amma wuyanta ya fito, leɓɓanta sun bushe.

"Ƙiwa ce," in ji Iya da ta ga inda take kallo. "Ba ta cin komi sai an yi da gaske. Za ta saba."

Yarinyar ta ɗago kai. Ta yar da karan, ta taho da gudu, ta ƙanƙame gwiwoyin uwarta ta cusa fuska cikin zane, ba kuka, sai wani irin numfashi mai shessheƙa. Mata kusan goma suna kallo. Hannayen Saude suka taso da kansu. Ta mayar da su. Ta sa yatsu biyu ta ture kafaɗar yarinyar.

"Ke, je ki wurin kakarki."

"Kai, ɗiyar Tsafe akwai kunya," in ji wata tsohuwa. "Allah shi yi wa uwar da ta haife ki albarka."

Sauran suka amsa da amin. Saude ta ji yabon nan kamar an zuba mata garwashi a tafin hannu an ce ta yi godiya.

Sai da aka tashi salla ta samu ta zagaya bayan rumbu. Ta jawo yarinyar jikinta tana shafa kanta da sauri-sauri kamar mai sata. A nan ta ga jan murjani a wuyan hannunta, manyan ƙwayoyi, irin da ko a kasuwar Gusau ba kowa ke taya su ba.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Wata Gwaggo. Ta ce ran Laraba za ta kai ni gidanta. Tana da 'yar akuya fara."

Laraba ce ranar jirgi.

Saude ta sami Iya a ɗaki tana jan carbi. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi tambaya.

"Iya, wace Gwaggo ce ta ba yarinyar nan murjani?"

"Yau kuma zancen yara kike ɗauka?" Iya ta ajiye carbin. "Bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Uban mijinki Gwanja yat tafi fataucin goro, yac ce damina guda. Yusha'u yana rarrafe sannan. Har yau ko rawaninsa ban gani ba. Namiji in ya tafi da komi nasa, ba ya waiwaye. Dole a bar masa abin da zai ja shi gida. Ke kina da wani a baya, ga ƙuruciya, za ki haifi goma. Ni ɗa guda gare ni."

"To tana wurinki za ta zauna, Iya?"

"Na gama magana."

A hanyar dawowa ta faɗa wa Yusha'u zancen murjanin. Ya ce tun da Iya ta raine shi bai lalace ba, ba ya jin za ta fara lalata yara a kan 'yarsa. Ya ce kuma kada ya sake jin maganar nan har su sauka Kumasi.

Laraba da hantsi tashar jirgin Gusau ta cika maƙil. Masu fura da masu rake suna kai da kawowa, 'yan dako suna ta cusa buhuna ta taga, kan jirgin yana huci yana zubar da tururi. Aka shigar da akwatinsu da buhun tukwane, Saude ta samu gefen benci kusa da taga, Tukur a bayanta. Yusha'u ya sa sabuwar hula, yana ta miƙa hannu waje yana sallama da abokan aikinsa.

Iya ta zo rakiya, da mata biyu daga Nahuce. Tana riƙe da hannun Lantana, ta tsaya da ita a inuwar rumfa, ba kusa ba, ba nisa ba. Ba ta ji tsoron kawo ta ba. Ta san surukarta.

Saude ta ce a ranta za ta dube ta sau ɗaya ne ta kau da kai. Da ta duba sai ta ga an yi wa yarinyar sabon kitso, an sa mata rigar Sallah. A kan Iya kuwa akwai ƙulli, kuma ta gefen ƙullin bakin wani ɗan ƙoƙo ya leƙo, mai tsaguwa.

Wanda zai koma Nahuce da yamma ba ya ɗauko kayan yarinya kaf ya zo da su Gusau.

Aka busa usur na farko.

"Lantana."

Muryar Saude ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yarinyar ta ji. Ta dubi Iya, ta dubi matan Nahuce, ta juya ta dubi wata mai fura da ke bayanta. Ba ta dubi taga ba. Ta san sunanta, ta san muryar uwarta, amma ba ta taɓa jin su tare ba.

Wannan ne ya tashe Saude tsaye.

"Lantana! Ni ce. Ni ce nake kiranki."

Matan Nahuce suka kama baki. Iya ta ce, "Yau na ga abin da ya fi ƙarfin idona." Yusha'u ya damƙo hannun matarsa, fuskarsa ta yi baƙi, abokan aikinsa suna tsaye a ƙarƙashin taga suna jin komai.

"Zauna. Kin tozarta ni ya isa."

"Sake ni, Malam."

"Saude, in kinka sa ƙafa ƙasa daga jirgin ga, a bakin aurenki."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba shekara shida.

"Daddawar tana cikin tukunyar baƙa," ta ce. "Ka riƙa rufewa, kada ta sha iska."

Ta zare hannunta. Ta tsallake buhuna da ƙafafun mutane, ta kai ƙofa daidai lokacin da aka busa usur na biyu, jirgin ya yi girgiza. Wani ɗan dako ya tare ta ta dira. Ba ta waiwaya ba sai da ta ji muryar Yusha'u tana nisa cikin ƙarar ƙarafa, ya fito da kai ta taga. Ba ita yake kira ba.

"Iya, ki riƙe mini yaran."

Saude ta ratsa mutane ta isa rumfar. Ta sunkuya ta ɗauki Lantana cak, a gaban Iya, a gaban matan Nahuce, a gaban duk wanda Allah ya kawo tashar Gusau ranar nan. Yarinyar ta saƙalo wuyanta ta riƙe kamar za ta shige ciki. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba akwati, ba tukunya, ba miji.

Babu wanda ya doke ta a cikin kwana bakwai ɗin nan, babu wanda ya zage ta. Mijinta ya ce rage mata ya yi, uwarta ta ce ba a kanta aka fara ba, surukarta ta ce tsoro ne ya sa, matan gari suka sa mata albarka. Da kunyar da suka koya mata suka ɗaure ta, suna yaba kyan igiyar. Yau da ta kwance, ga shi duk tasha ana nuna ta da baki, ita ce marar mutunci.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta sauke ƙullin daga kanta ta ajiye a ƙasa, ta gyara mayafi.

"Kin ji abin da yac ce, ga shaidu sun ji. Ke yanzu ba matar gidanmu ba ce. Ɗiya kuwa ta ubanta ce, ko gaban alƙali anka je. Na bayan naki ma aro ne, ran da kinka yaye shi ki kawo muna abinmu."

"Sai dai a je gaban alƙalin," in ji Saude.

"Za a je."

"Salamu alaikum. Iya, ba mu dai makara ba ko?"

Wata doguwar mace ce, fara, cikin lulluɓi mai tsada, da jan murjani zube a wuyanta, manyan ƙwayoyi. Bayanta wani ƙaƙƙarfan mutum ne da sanda a kafaɗa, da alama mijinta. Saude ba ta taɓa ganin su ba. Amma ta ji yarinyar ta ƙara matse mata wuya, ta raɗa mata a kunne, "Gwaggo ce."

"Motar garinmu Kekun Waje ce ta ɓata muna lokaci," in ji matar, tana murmushi, idonta duk a kan Lantana. "Shekara goma sha biyar ban samu haihuwa ba, ina jiran ranar ga, Iya, Allah shi saka miki. An share mata ɗaki, har akuyar an ɗaure mata a ƙofa."

Sai a sannan ta lura da wadda ke ɗauke da yarinyar. Ta dube ta sama da ƙasa, ta ga yadda ta rungume ta a bainar jama'a, ta tabbata a ranta ko wace ce wannan, ba dai uwar ba ce. Ta miƙo hannu biyu.

"Sannu, baiwar Allah. Ke ce mai rainonta? Sauke mini ɗiyata, mota na jiran mu."